Igiyar da Ke Wuyan Kular Hajiya Awawu

Mai girma shugaban taro, Dakta Baha'uddeen. Iyayenmu maza masu furfura da masu rina ta. Iyayenmu mata, ginshiƙan unguwarmu ta Abbey Wood. Yaran da ke jin Hausa suna amsawa da Turanci. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Ni ne Fa'iz, ɗanku, kuma ina godiya da minti biyar ɗin da aka ba ni, wanda ba ni da niyyar mutuntawa.

Na farko, godiya ga kwamitin da ya yi mana booking ɗin mota zuwa Chatham ranar Asabar, inda muka ga masana'antar da ta tufka igiyoyin jiragen yaƙin ruwa tun zamanin da iska ke tura su. Zaure ɗaya, jama'a, amma don tsawonsa ma'aikata keke suke hawa a ciki!

Na biyu, ku kun ga tarihin Ingila, ni kuwa Yawuri na gani. Ƙamshin zaren nan na bugun hancina, sai ga kakana zaune a bakin kogi, ya naɗe wando, yana murza rama a cinyarsa don ɗaure kwalekwale. Shekara bakwai rabona da shi. Shekara bakwai rabona da muryarsa ba ta waya ba. Kullum cewa yake: "Kai ɗan Landan, hannunka ya san wani abu ban da latsa waya?"

Saboda haka da aka nemi wanda zai gwada, na fito, na juya ƙarfen injin tufkar har kafaɗata ta yi tsami, aka miƙo mini igiya kamu uku, aikin hannuna. Gobe ɗan'uwanmu Kambai zai tashi zuwa gida, kuma ita ce amsar da zan aika wa tsohon.

Na uku, a hanyar dawowa murfin kular shinkafa ya ƙi zama. Hajiya Awawu ta waiga ta ce: "Yarona, kawo wannan igiya, ba ta yin komai." Wa ya isa ya hana uwa?

Har yanzu ga ta can a wuyan kular kan tebur, ta sha manja. Kuma tun ɗazu nake ganin Malam Almu yana zagaya ta da wuƙa.

Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya ja kwanan tsofaffinmu har mu koma mu same su. Malam Almu, don Allah kada a yanka, a kwance. Na gode.