Alƙur'anin Kaka a Motar Doka

A tashar motar Gadarif ta ƙasar Sudan, kan bencin jira, na ji wani dattijo rungume da gafaka yana roƙon mutumin da ke gefensa.

"Ɗana, in ka ga ina gyangyaɗi, mintsine ni."

"Lafiya, ya Hajj?"

"Lafiya lau. Alƙur'anin kakanmu ne, rubutun hannu, da shi ya tako tun daga Kano. Yau na karɓo daga mai gyaran bango, Doka zan kai shi. In barci ya kwashe ni alwala ta warware, ga shi a ƙirjina. Jiya kuwa murna ta hana ni runtsawa."

"Sa shi cikin kaya mana."

"Ƙarƙashin buhunan riɗi? Haba dai."

"Irin mai jan wasalin nan ne?"

"Shi fa."

"Kakanmu ma ya zo da irinsa. Gobara ta cinye tun ina yaro." Sai mutumin ya miƙe zumbur. "Baba, ara mini butarka."

"Mintsinin fa?"

"Alwala zan yi. Ka yi barcinka har Doka, ni zan riƙe."

"Ba garin Mafaza na ji ka ce za ka ba? Ai ba hanya ɗaya ba ce."

"Mafaza tana nan, Baba, ba inda za ta."