Na Sauke Gicciye Saboda Baƙi

Auta: Halo? Yaya, ina wuni?

Yaya: Lafiya lau, Auta. Ya gida? Ya maigidan naki?

Auta: Duk lafiya, mun gode Allah. Ya ƙafar?

Yaya: Tana nan tana cina. Ya ɗinki?

Auta: Me kika ce? Muryarki tana yankewa. Ki matsa bakin taga mana.

Yaya: Na ce ya ɗinki!

Auta: Oho, ɗinki da godiya. Ya gajiyar baƙi? An ga jika, yau ba mai jin kanki.

Yaya: Uhm.

Auta: Yaya?

Yaya: Sun tafi, Auta.

Auta: To fa.

Yaya: Kwana uku ɗan naki ya ce za su yi. Ko awa biyu ba su cika ba. Ga shinkafa can a tukunya, ga kaji biyu, ko murfi ba a ɗaga ba. Shekara shida ina jiran ranar nan, na rushe ta da bakina.

Auta: Bi a hankali. Me ya faru?

Yaya: Kin dai san abin da ya raba mu. Tun da ya bar cocinmu ya koma cocin matarsa ya tsaya a falon nan, babansa ko wata biyu bai yi a kabari ba, ya ce in fitar da gumakan nan. Ni kuma na ce shi ne zai fita.

Auta: Ina wurin ai.

Yaya: To da kika ce mini zai zo da matarsa da yarinyar, sai na ce a raina ba zan yarda bango ya sake raba ni da ɗana ba. Da safe na hau kujera da wannan ƙafar tawa, na sauke komai.

Auta: Komai kamar me?

Yaya: Komai! Hoton Yesu mai Zuciya Mai Tsarki, carbin rosarin da ke rataye jikin madubi, kwanon ruwa mai tsarki na bakin ƙofa, kyandir. Har gicciyen da marigayi ya sassaƙa da hannunsa. Mutum-mutumin Uwa Maryamu kuma, na naɗe ta a zani na tura ƙarƙashin gado. Ina turawa ina ba ta haƙuri, na ce Uwa, kwana uku ne kawai.

Auta: Haba Yaya! Gicciyen da ko lokacin fenti ba a sauke ba?

Yaya: Shi ya sa ya bar shaida. Ina saukewa ga siffarsa nan fes a bango, duk wanda ya shigo sai ya gani. Na rataya kalanda a kai, hannun gicciyen ya leƙo dama da hagu. Na ƙara agogo. Falo ya koma kamar ɗakin jira na asibiti.

Auta: Da kin tambaye ni...

Yaya: Halo? Ban ji ba.

Auta: Na ce ci gaba.

Yaya: Suka shigo. Matar nan, Allah ya sani, ba ni da abin faɗa a kanta. Har ƙasa ta durƙusa, Mama kaza, Mama kaza. Shi kuwa yana shigowa hannunsa ya tafi wurin kwanon ruwan nan, irin na sabo, ya tarar da ƙusa. Ya zauna yana ta kallon kalanda. In ce ya hanya, ya ce lafiya. In ce ya aiki, ya ce lafiya. Sai gumi nake yi kamar ni ce baƙuwar.

Auta: Yarinyar fa?

Yaya: Ita ta jawo... a'a, Allah ya gafarta mini, ba ita ba ce. 'Yar shekara huɗu me ta sani? Ta bi kyanwa cikin ɗakina. Ina kicin ina zuba ruwa a kofuna sai na ji tana cewa, Baba, ga 'yartsana na tsinta! Na fito, ga ta rungume da Uwa Maryamu, zanin yana jan ƙasa. Ta taka zanin, Uwa Maryamu ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

Auta: Wayyo Yesu!

Yaya: Hannun dama ya ɓalle, fuskar ta tsage. Auta, idona ya rufe. Mutum-mutumin da marigayi ya riƙo a cinya tun daga inda ya sayo shi, don kada a jefa shi cikin kaya. Na fizgo yarinyar, ta faɗi, ta fasa kuka. Da a nan na tsaya ma da sauƙi.

Auta: Me kika ce?

Yaya: Na ce, dama abin da kuka zo yi ke nan.

Auta: Ashsha, Yaya.

Yaya: Matar ta ɗauki 'yarta tana jijjigawa, ita ce ma take ba ni haƙuri. Shi ya sunkuya ya tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tebur, ya ce Mama, mun gode. Na bi su har ƙofa ina cewa abinci fa, abinci fa. Abin da bakina ya iya ke nan.

Auta: Uhm.

Yaya: Ke, tsaya. Tun da na ce sun tafi ba ki yi mamaki ba. Kin sani, ko?

Auta: Yaya, layin nan...

Yaya: Layin lafiya lau yake, ni na yi miki wanka kina jaririya. Ya kira ki.

Auta: Ya kira ni daga hanya.

Yaya: Yana fushi saboda yarinyar, ko? Ki ce masa zan durƙusa mata, zan...

Auta: Bai ma yi maganar yarinyar ba, ya ce ko ƙwarzane ba ta yi ba. Maganar bango ya yi.

Yaya: Bango kuma? Ai saboda shi na...

Auta: Ya ce haƙuri ya zo ba ki. Matar ce ma ta yi ta matsa masa, ta ce ba a gaya wa uwa irin wannan magana. Ya ce tun a mota yake nuna wa yarinyar da hannu girman gicciyen kakanta, yana so ya tsaya a gabansa ya janye kalmar gumakan nan da ya faɗa. Ya shigo ya tarar da kalanda.

Yaya: Wayyo Allahna.

Auta: Ya ce babansa bai taɓa sauke gicciyen nan don kowa ba, maƙwabta Musulmi sun ci abinci a ƙarƙashinsa shekara da shekaru, ba wanda ya tsargu. Shi kaɗai aka ɓoye wa, kamar wanda aka san zai yi ɓarna. Da kika yi maganar nan kuma sai ya tabbatar.

Yaya: Ba haka nake nufi ba! Ba ni lambarsa. Yanzun nan, bari in nemo biro.

Auta: Yaya...

Yaya: Faɗi, ina ji.

Auta: Ya roƙe ni kada in ba ki. Ya ce in gaya miki ki mayar da kayanki inda suke, ba za su ƙara takura miki ba.

Yaya: Ba za su ƙara ba.

Auta: Zafin rai ne. Ki bari ya huce, ni zan yi masa magana, ko mu sa Fada na cocinku...

Yaya: Wancan zafin ran shekara shida ya ci. Ina da wasu shekaru shidan ne, Auta?

Auta: Kada ki faɗi haka, don Allah.

Yaya: Kin san me? Da suka shigo yarinyar ta ɓuya bayan uwarta, uwar ta ce in bari ta saba tukuna in ɗauke ta. Na bari. Jikata ɗaya a duniya, taɓa ta ɗaya da na yi ke nan, wannan fizgar. Da ita za ta san ni.

Auta: Yaya, saurara, gobe da sassafe zan shigo mota in... Halo? Yaya? Halo!