Ina Hurawa, Ashe Ja Ake Yi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai ba da numfashi.

Hannun likitan na fara gani. Dogayen yatsu, babu zobe. Ina kwance a asibiti da ciwon huhu, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, sai ga likitan fisiyo, Mista Bulus, ya zo bubbuga mini baya don majinar da ta toshe ƙirjina ta fito. Ni kuwa littattafan soyayya sun riga sun cinye mini hankali. Kafin ya gama, har na zaɓi ankon bikinmu.

Ranar sallama ya ba ni wata roba mai tiyo, da ƙananan ƙwallaye uku a ciki.

"Sista Rifkatu, wannan ce za ta nuna mana ko aikinmu yana ci. Kullum ki rubuta ƙwallo nawa suka tashi. Kin gane yadda ake yi?"

"Na gane, Likita."

Ƙarya nake yi! Bakinsa nake kallo, ban ji komai ba.

Na koma ɗakina a Rido. Iyayena suna can Zonkwa. Maƙwabta da sun ji tarina sai su janye 'ya'yansu, wai tibi ne. Babu mai ƙwanƙwasa ƙofata. Safe da yamma ina hura tiyon nan har jiri ya ɗebe ni, ko ƙwallo ɗaya bai motsa ba. Mako uku ina rubuta sifili. A littattafaina, duk yarinyar da ta yi irin wannan tarin ba ta kai shafin ƙarshe. Na saddaƙar huhuna ya mutu, na ƙi komawa asibiti.

Wata Lahadi da hantsi ina jin ƙararrawar coci, na durƙusa na ce, "Yesu, ba ni da kowa. In lokacina ya yi, kada ka bar ni in tafi ni kaɗai." Na sa tiyo a baki don gwajin ƙarshe. Kuka ya ci ƙarfina, na ja wata doguwar shessheƙa.

Ƙwas! Ƙwallaye biyu suka bugi sama! Halleluya!

Ashe ja ake yi, ba hurawa ba.

Washegari na kai wa Mista Bulus takardar da nake rubutu a kai. Ya dubi jerin sifilin, ya dafe kai. "Haba Sista! Balan-balan na ba ki?" Ya saurari ƙirjina, ya ce majina ta ragu sosai. Kafin wata ya cika, ƙwallo na uku ma ya tashi.

Mista Bulus ya auri wata nas, suka koma Kafanchan. Bara na gamu da shi a Gonin Gora yana jiran mota, kansa duk furfura. Na gaishe shi, ya ce, "Yi haƙuri, Madam, a ina na san ki?"

Har yau ni kaɗai nake komawa ɗaki. Amma Wanda ya ji ni ran Lahadin nan bai taɓa tambayata haka ba. Na gode masa. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Amin.