Manja a Rigar Naziru

A ƙofar ɗakin gaggawa na wani asibiti a Lafia, Naziru yana ɗaga wa mai keke hannu, wata dattijuwa a benci tana kallon rigarsa.

"Ɗana, manja kake sayarwa?"

"Ƙanena na ɗura wa, Mama. Ƙwayar kashe ciwo ya sha da yawa, numfashinsa ya kusa tsayawa."

"Ka mai da yaro miya ke nan, saura daddawa. Allah ya so bai shaƙe ba."

"Nas ma ta yi faɗa. Ta yi masa allura, wai nalokson, ya farka yana zagina. Gida za mu."

"Ta sallame ku?"

"Ta ce mu jira. Amma ga shi garau."

"Allurar nan tana riga ƙwayar barin jiki. A keke zai sake langaɓewa, ga shi manjanka ya ƙare."

"Mama, ke ma nas ce?"

Ta dubi ƙofar ɗakin. "Gyaɗa nake sayarwa. Autana ne a ciki. Ba yau muka fara zuwa ba."

Mai keke ya danna hon. Naziru ya sallame shi, ya zauna a gefenta.