Asalinmu a Kan Buzun Malam

A rumfar wanzami a kasuwar Dutse, Arzika masinjan Bature ya sami wani dattijo yana jiran aski, ya hau cika baki.

"Baba, ilimi sai Nasara! Shekara ashirin maigidana yana binciken Ninawa, birnin Annabi Yunusa. Yanzu ya gano daga can kakanninmu suka zo. Har ya aika Ingila a buga."

"Ikon Allah! Wa ya gaya masa?"

"Wani babban malami a Garki."

"Ai ni ne. Kan buzuna ya zauna da takalmi, yana ta tambaya, la'asar tana wucewa. Ɗana, ko cewa ya yi daga rijiya muka fito, da na ce haka ne, don ya tashi."