Kafin Mu Kori Baba Mai Gora

Mai girma shugaban ƙungiyar mazauna wannan rukunin gidaje, da mataimakiyarsa, da sakatare da 'yan kwamiti; jami'in tsabtar muhalli da ya amsa gayyatarmu; iyayenmu maza da mata; maƙwabtana na saman bene da na ƙasa: assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma, ina kuma godiya gare ku da kuka bar hutunku na ƙarshen mako kuka fito.

Abin da ya tara mu guda ɗaya ne. Akwai takardar koke a gaban kwamiti, gidaje ashirin da uku sun sa hannu, suna neman a kori dattijon nan da muke kira Baba Mai Gora daga bayan katanga, inda ya shekara tara yana tara gorunan roba yana kai wa masu saye. Yau za mu ɗaga hannu a kai. Idan aka kore shi, ba shi da inda zai ajiye buhu ko ɗaya, kuma ƙafarsa ta wuce yawo daga bola zuwa bola.

Magana ta farko: koken gaskiya ne. Hayaƙin roba yana tashi a bayan katangar nan, yana shiga tagoginmu. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke gida na ƙarshe, ita ta rubuta takardar, kuma 'yarta mai asma ta kwanta asibiti sau uku cikin wata biyu. Da na je wurinta, ta ce da ni, "Edita, ni fa ba ƙinsa nake yi ba. Amma ka taɓa riƙe yarinya tana neman numfashi tana rasawa?" Ban taɓa ba. Duk wanda zai yi magana bayana, ina roƙon ya tuna da wannan tambaya, kada ya ɗauki Sista a matsayin marar tausayi.

Magana ta biyu: wa ke kunna wutar? Na yi shekara talatin a ɗakin labarai, kuma abin da aikin ya koya mini bai wuce wannan ba: kada ka buga labari sai ka ji ta bakin wanda ake zargi. Don haka na ɗauki kujera, na zauna da Baba safiya huɗu a jere. Na tambaye shi kai tsaye ko shi ke ƙona robobin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Haba Edita, da iliminka? Ka taɓa ganin mahauci ya cinna wa namansa wuta? Gora ai abincina ce."

Na duba tokar da kaina. Abin da ke ƙonewa shi ne abin da ba ya sayuwa: ledoji, da kofunan roba, da cokulan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, da mazuban abincin da muke sayowa a hanya. Idan motar shara ta yi sati ba ta zo ba, tsibin ya yi wari, sai wani daga cikinmu ya fito da ashana. Ba zan kira sunan kowa ba sai nawa. Sau biyu na kunna, ina ganin tsabta nake yi, ban taɓa ɗaga kai na duba tagar da hayaƙin ya nufa ba.

Da na koma gida na faɗa wa matata, sai ta ajiye kwando a kicin, ta ce duk robar da muka gama da ita a sati a zuba a ciki. Mu biyu ne kacal a gidan, yara sun watse. A rana ta bakwai muka juye: leda sittin da ɗaya, gora goma sha tara. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, ka ƙare rayuwarka kana yanke kalmomin banza a rubutun mutane, amma ka kasa yanke leda a gidanka."

Tun daga ranar muke zuwa kanti da jakar yadi da kwanonmu, muke cika butar ƙarfe kafin mu fita. Da yake ba na ɗauko kaya da yawa, sai na daina tayar da mota, na koma tafiya da ƙafa. Ina da hawan jini, amma ba zan ce leda ce ta jawo mini shi ba, ba ni da hujjar faɗin haka. Abin da zan iya shaida shi ne ina barci fiye da da, gwiwata ta daina ciwo, kuma kicin ɗinmu ya yi fili har muna zama mu yi hira a ciki.

Magana ta uku ita ce mai wuya. Na koma wurin Baba ina alfahari, na ba shi labarin kwandon da jakar yadin. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, madalla. Su suna so su kore ni yau, kai kuma kana so ka kore ni a hankali." Jama'a, gaskiyarsa. Idan muka rage roba yadda ya kamata, buhunsa ne zai fara sanin haka. Ban ga amfanin gyaran da zai tsabtace mana iska ya bar dattijo da yunwa ba, kamar yadda ban ga amfanin tausayin da zai bar yarinya cikin hayaƙi ba.

Amma tun a safiya ta huɗu ta wancan zama da na yi da shi na ga wani abu. Wata mata ta jefar da bokiti da ya tsage, Baba ya ɗauka, ya huda gefe da gefe, ya ɗinke da waya, ya liƙe, ya zuba ruwa, ko ɗigo. Ashe gyaran bokiti da baho da kujera ce sana'arsa ta fari, ya bar ta ne lokacin da muka koyi yar da abu mu sayi sabo.

Ga shawarata. Daga yau kada wanda ya ƙara kunna wuta a bayan katanga, kwamiti kuma ya bi sawun motar shara. A ba Baba ɗakin ajiyar da ke bakin ƙofa, wanda ba komai ciki sai karyayyun kujerunmu, ya fara gyara da su. Duk abin da ya tsage a gidajenmu mu kai masa, mu biya shi haƙƙinsa. A jingine takardar koke wata uku, Sista ce alƙali. Na kai mata wannan shawara jiya, ta ce, "Wata uku, ba ƙarin kwana ɗaya. In na ga hayaƙi, da kai zan fara." Na yarda.

Saura roƙo ɗaya, mai girma shugaba. Baba ya ji labarin taron nan, kuma tun da safe ya ɗaure buhunansa, yana zaune a kansu a waje yana jiran hukunci. Na ce ya shigo, ya ce ba a gayyace shi ba. Ina roƙon a aika a kira shi, a ba shi wurin zama. Duk hannun da za a ɗaga, a ɗaga shi yana gani.

Allah Ya ba 'yar Sista lafiya mai ɗorewa, Ya rufa wa Baba asiri, Ya ba mu zuciyar da za ta wadatu da kaɗan, Ya bar mu da maƙwabtaka ta alheri.

Na gode.