Zanen da Issaka Ya Bari

Zuleha: Salamu alaikum, Wahabu.

Wahabu: Wa alaikumus salam! Anti Zuleha? Ina kwana? Ya haƙuri?

Zuleha: Haƙuri sai ma'aiki. Ya Habiba da yara? Ya mutanen Tafo?

Wahabu: Lafiya lau. Ɗaga murya, ina tashar Race Course, motocin haya na trotro sun cika min kunne. An ce kina zuwa asibiti a Bantama?

Zuleha: Duk Talata. Tun rasuwar yayanka Issaka ba na barci. Likitar ba ta ba ni ƙwaya ba, hira muke yi.

Wahabu: Hira? Ei! Yanzu hira ma magani ce?

Zuleha: Ta ce tunani ke jan zuciya, zuciya ta ja jiki. Ta ba ni littafi: in rubuta tunanin da ke cina, hujjarsa a gefe, abin da ya ƙaryata shi a ɗaya gefen.

Wahabu: Me kika rubuta?

Zuleha: "Mijina ya mutu yana fushi da ni."

Wahabu: Subhanallahi!

Zuleha: Da safen ranar da ya rasu mun yi cacar baki, ya fita bai ko sha koko ba. Gefe ɗaya na littafin ya cika taf, ɗayan fari fat. Likitar ta ce kada in yanke hukunci, in tambayi wanda ya gan shi ƙarshe. Kai ne. Kada ka lallashe ni, Wahabu.

Wahabu: Anti... Innalillahi. Halo? Kina ji na?

Zuleha: Ina ji.

Wahabu: Dariya yake yi ranar. Kafin ya yi lodin motarsa ya shiga kasuwa, ya sayo miki zane shuɗi mai ganye. Ya ce, "Riƙe min, na ɓata wa Zuleha rai, da yamma zan je biko."

Zuleha: Zane? Yana ina?

Wahabu: A akwatin Habiba. Mun ce mai takaba ba ta ado, sai kin fita mu kawo.

Zuleha: Wata uku, Wahabu! Wata uku ina roƙon gafarar mutumin da ya riga ya yafe min!

Wahabu: Wallahi mun ɗauka daidai muka yi. Ki yafe...

Zuleha: Kawo shi yau. Ba ɗaurawa zan yi ba, riƙewa kawai. Tsaya in ɗauko biro. Maimaita abin da ya ce, a hankali.

Wahabu: Ya ce, "Riƙe min, na ɓata wa Zu..."

Zuleha: Halo? Wahabu? Halo!